Firintar gida: mai tawada ko mai garin tona?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema. Ina so in sayi firinta ta gida. Yara kullum sai an turo musu aiki ta WhatsApp a ce a buga a kawo, babbar kuma bana za ta zana JAMB. A nan Rikkos ko shafi biyu za a buga sai na aiki yaro bakin titi, wani lokaci bayan magariba, hankalina ba ya kwanciya. Na leƙa shaguna a Ahmadu Bello Way, wannan ya ce in ɗauki mai tawada, na kusa da shi ya ce kada in kuskura, leza kawai. Kowa kayansa yake yabo. Wacce ta dace da gida don Allah?

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam Anti. Leza. An gama magana.

Anti Malama: Kai ɗan nan, ba a ma ji me za ta riƙa bugawa ba har ka yanke hukunci?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ce wannan ko waccan, ki amsa mini abu uku. Shafi nawa kike ganin za a buga a mako? Dole ne sai da kala, ko baƙi da fari ya isa? Sannan da wace wuta za ta yi aiki in an ɗauke: inji ko sola?

Maman Hanifa: Injiniya sannu da aiki. A lokacin karatu ba zai wuce shafi 20 zuwa 30 a mako ba. In an yi hutu kuwa sai a yi wata ba a taɓa ta ba. Kala ba kullum ba. Wuta muna da ɗan sola, da ƙaramin inji da ba mu cika tadawa ba saboda tsadar mai.

Injiniya: To wannan "sai a yi wata ba a taɓa ta ba" da kika ce, nan maganar take. Bari in yi bayani a hankali, ku yi haƙuri da tsawo.

Mai tawada ruwa take fesawa a kan takarda ta wasu ƙananan huda da ke jikin ɓangaren da muke kira kai, ido ba ya ganinsu, sun fi silin gashi siranta. Muddin ana bugawa, tawada na gudana, lafiya lau. Da an ajiye ta, ruwan da ke bakin hudojin sai ya bushe ya toshe su. Ki kunna bayan hutu ki ga rubutu na fita da fararen layuka, ko shuɗi ya ɓace gaba ɗaya, fuskar mutum ta koma ja. Mu nan Jos kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kin san yadda iska take, leɓen mutum ma tsagewa yake yi. Yawancin masu tawadar da ake kawo mini shago a hunturu ba abin da ya lalace a jikinsu, ajiya ce kawai ta kashe su.

Leza babu ruwa a cikinta. Gari ne mai laushi, tona. Hasken leza yana zana rubutun a jikin wani bututu mai juyawa da ake kira diram, garin ya manne inda aka zana, ya sauka kan takarda, sannan takardar ta bi ta cikin hita mai zafin da ya kai wajen digiri 180 zuwa 200, garin ya narke ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Gari ba ya bushewa don da ma busasshe ne. Ki rufe ta da zani wata shida, ki buɗe, za ta buga kamar jiya aka kashe ta.

Ɗan Jami'a: Ai abin da na faɗa ke nan, an ce na yi gaggawa.

Mai Sola: Dakata tukuna ƙanena. Injiniya ya faɗi gaskiya amma rabi ya faɗa. Hitar nan da ya ambata ita ce matsalarmu mu masu haɗa sola. Hajiya, inbata ɗinku nawa ne ƙarfinsa?

Maman Hanifa: Wallahi sai na duba. Baban yara ne ya sa aka haɗa. Yana ɗaukar fitilu, talabijin, cajin waya da fanka. An dai hana mu sa dutsen guga da hitar ruwa.

Mai Sola: To in an hana ku dutsen guga, da wuya ya wuce 1kVA. Ƙaramar leza irin HP P1102 a takardarta an rubuta wajen wat 370 lokacin bugawa, amma wannan matsakaici ne. A daƙiƙun farko da hita ke ɗaukar zafi, fizgar da take yi ta fi haka nesa, tana iya kusantar wat 1000. Inbata mai 1kVA abin da yake bayarwa na gaskiya wajen wat 800 ne, ga talabijin ga fanka a kai. Kina danna bugawa zai yi ƙara ya kashe gidan duka. Mai tawada kuwa, irin Epson L3250, wajen wat 12 take ja. Ƙwan fitila ɗaya ke nan.

Kada a fahimce ni a baibai: ba wai leza na shanye batir ba ne ko ta cinye kuɗin mita. Minti uku na bugawa ba komai ba ne a lissafi. Fizgar farkon ce inbata ƙarami ba ya jurewa. Kuma kada wanda ya ce miki ki sa mata UPS na kwamfuta, ɗan akwatin nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, shi ma kifewa zai yi.

Baba Alhaji: Salamu alaikum. Ina ta karantawa. Ni tambayata ɗaya ce ga Maman Hanifa. 'Yata, shafi 30 a mako, nawa kike biya a shago? Ki lissafa na shekara, ki cire makonnin hutu, ki ɗora a kan kuɗin firinta da takarda da tawada da na mai gyara. Mu da muka yi aikin ofis mun san injin nan bai taɓa zama kuɗinsa na ranar saye kawai ba. Wani lokaci mai shagon bakin titi ya fi araha, kuma in ta lalace ciwon kansa ne.

Maman Hanifa: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya kuka faɗa ta wajen kuɗi. Amma ba kuɗin kaɗai ba ne. Aiken yaro da dare ne ba na so, kuma takardun gida irin su katin NIN da takardar asibiti ba na jin daɗin tura su wayar wanda ban sani ba. Sai ka je shago ka tarar da takardun mutane jibge a kwamfuta, kowa na gani.

Baba Alhaji: To wannan hujja ce. Na janye rabi.

Anti Malama: Bari in shigo da tawa, don na ga ana neman a binne mai tawada da ranta. Ku bambanta: masu tawada iri biyu ne. Akwai mai katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake canzawa in ya ƙare, ita ce mai arahar nan da ake nuna wa mutum farko in ya shiga shago. Akwai kuma mai tanki, wadda ake ɗura mata tawada daga kwalba. Ni mai tanki nake amfani da ita, da ita nake buga tambayoyin gwaji da taswira da hotunan kimiyya na 'yan aji na. Malamar firamare ba za ta iya da baƙi da fari ba. Ka nuna wa yaro sassan fure ko tutar Najeriya a baƙi da fari ka ga abin da zai fahimta.

Kwalbar baƙi ɗaya ta Epson, kamfanin ya ce shafi 4,500 take yi, na kala ukun a haɗe kuma 7,500. Ko ka zabge kashi ɗaya cikin uku don zuƙin 'yan kasuwa, har yanzu babu tona da zai kama ƙafarta a araha.

Injiniya: Malama ta yi daidai, kuma gara da ta raba su. Bari in jera lissafin da rim ɗin takarda, kowa ya san rim shafi 500 ne. Ƙaramin katirij baƙi irin HP 123 ko 305, abin da aka rubuta masa wajen shafi 120 ne, ko kwatan rim bai kai ba. Tona 85A na P1102 shafi 1,600, rim uku da ɗoriya. Tsohon 12A na HP LaserJet 1020 shafi 2,000, rim huɗu. Kwalbar Malama rim tara. Kuma duk alƙaluman nan a kan shafin da rubutu ya rufe kamar kashi 5 cikin 100 aka auna su, wato gajeruwar wasiƙa. In yaro ya buga hoto cike da shafi, manta da lissafin.

Don haka mai katirij ni ba na ba kowa shawararta sai wanda zai buga shafi biyar a wata, shi kuma wannan bushewa za ta yi masa. Ta ko'ina ba ta fita. Suna sayar da injin da araha ne don su kama ka a tawada. Ka canza katirij sau uku ko huɗu, ka biya kuɗin wata sabuwar firinta.

Ɗan Jami'a: Wani abokina a Angwan Rogo haka ta faru da shi. Ya saya don furojet, babi na biyu bai ƙare ba tawada ta ƙare. Ya kai aka yi masa ɗuri da sirinji, ta dawo tana zubar da baƙi a gefen takarda. Ƙarshe Bauchi Road ya koma wurin masu bugawa a bakin jami'a.

Hajiya Mai Turare: Ni ma ina da tambaya a kan wannan, kada in buɗe wata maganar daban. Sitika nake so in riƙa bugawa ta kwalaben humra da turaren wuta. Wacce za ta yi mini?

Injiniya: Hajiya, taki daban ce. Tawadar yawancin masu tanki na gida irin mai narkewa a ruwa ce. Ɗigon ruwa ko jiƙaƙƙen hannu ya taɓa, rubutu ya baje, rana kuma tana koɗar da ita. Humra ga mai ga turare, sitikar ba za ta yi kwana biyu da kyanta ba sai an bi ta da leda an rufe. Tona roba ce narkakkiya, ruwa ba ya wanke ta. Amma leza mai kala tona huɗu take ci, baƙi, shuɗi, ja da rawaya, ranar da suka ƙare tare za ki ji a jikinki. In ba dubbai kike bugawa ba, ki kai wa masu babban inji su buga miki da yawa lokaci guda, ya fi miki.

Kuma gargaɗi ga kowa: takardar hoto mai sheƙi ta mai tawada kada a sa ta a leza. Rufin jikinta narkewa yake a hita ya manne. Gyaran ba ƙarami ba ne.

Hajiya Mai Turare: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na fasa.

Maman Hanifa: To yanzu kun ƙara rikita ni. Injiniya ya ce mai tawada za ta bushe a hutu. Mai Sola ya ce leza za ta kashe mini wuta. Ina zan dosa?

Anti Malama: Ƙawata, bushewar nan ana yi mata magani. Duk Juma'a ki sa Hanifa ta buga shafi ɗaya mai dukkan kaloli, ko hutu ake yi. Cikin firintar ma akwai shafin gwaji da take fitarwa da kanta. Shi ke nan. Ni tawa ba ta taɓa kwana a shagon mai gyara ba.

Injiniya: Malama, ke kullum kina bugawa, ai taki ba ta samun sararin bushewa. Kowa da ya sayi mai tanki haka yake cewa, zan riƙa bugawa duk mako. Sai a tafi Kano ko Bauchi hutun ƙarshen shekara, daidai tsakiyar hunturu, a dawo a same ta ta toshe. Sannan a yi ta danna wankin kai. Wankin nan tawada yake zuƙa ya zubar a wani soso da ke ƙasan injin, kuma injin yana ƙirgawa. Ranar da lissafinsa ya cika sai ta tsaya cak tana ƙyafta fitilu, sai an kawo mana.

Ga kuma abin da ba a faɗa a shago. In kin gama aiki, da maɓallinta za ki kashe ta, don kan ya koma mazauninsa ya rufe bakinsa. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, ko yaro ya zare soket, kan yana nan a buɗe iska na bugunsa har sai an sake kunnawa. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Sola: Ai kuwa nan ka ba ni makami, Injiniya. In tana kan inbata wuta ba za ta yanke mata ba. Mai tanki da ƙaramin sola sun dace da juna.

Injiniya: Na yarda da wannan. Amma ka amsa mini: dole ne sai a kan inbata za a buga? Aikin gidan yara ba tiyata ba ne. A haɗa leza a soket ɗin da ba ya bi ta inbata, in an kawo wuta a buga na kwana biyu a minti biyu. P1102 shafi 18 take fitarwa a minti, mai tanki wajen 10 a baƙi, 5 a kala.

Mai Sola: In kuma an turo aikin da ƙarfe takwas na dare, za a kai da safe, unguwa duhu? Ta koma aiken yaro bakin titi ke nan, abin da take gudu.

Ɗan Jami'a: Sai a tada inji.

Mai Sola: Wane injin? In ƙaramin nan ne mai haɗin mai da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 650 ba. Leza na fara ɗumi za ka ji muryarsa ta canza, fitilu su dushe. Wani lokaci ta buga, wani lokaci ta tsaya da takarda a maƙale. Kuma irin wannan wutar mai hawa da sauka ita ke ƙona allon ciki.

Baba Alhaji: Kun ga dalilin da na ce na janye rabi kawai.

Baban Khalifa: Ku gafarce ni na shigo a makare. Ni leza ta hannu nake amfani da ita, irin da ofisoshin Turai suka sauke. Ba wanda ya yi maganar su. Tsofaffin nan sun fi na yanzu ƙarfi, kuma tona ɗinsu ko'ina akwai a Terminus, ana kuma yi musu ɗuri. Me ya sa ba za ta ɗauki irin wannan ba ta rage kuɗi?

Injiniya: Ana samun na kirki, Yallaɓai. 1020 da P1102 da Canon LBP 2900 da 6030 duk dangi ne, don Canon ce ta daɗe tana ƙera wa HP cikin injinan leza, shi ya sa kayan gyaransu suke a wadace. Sababbin ƙananan HP irin 107a kuwa asalinsu na Samsung ne, tun da HP ta sayi sashen firintar Samsung a 2017. Tona ɗinsu shafi 1,000 ne kuma da ɗan guntun cif a jiki, ɗurinsu ya fi wahala.

Amma mai sayen ta hannu ya kula da abu biyu. Na farko ya juya bayanta ya karanta. In an rubuta 110V zuwa 127V daga Amurka ta zo, ka soka ta a wutarmu ta 230V sai hayaƙi. Na biyu ya sa a buga masa shafin bayanin injin a gabansa, zai nuna adadin shafin da ta taɓa bugawa tun tana sabuwa. Ya kuma duba ko akwai baƙin layi ko tabo mai maimaituwa a takardar, ya murza rubutun da yatsa ya ga ko yana gogewa. In yana gogewa hita ta gaji.

Maman Hanifa: Garin tonar nan fa, ba ya cutar da yara? Ina da mai rarrafe.

Injiniya: Yana rufe a cikin katirij, ba ya fita sai an fasa. Kada dai a yi ɗuri a cikin gida, a kai shago. In ya zuba a kaya a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi. Ruwan zafi narkar da shi zai yi ya zauna daram. Kwalaben tawada ma ai sai an ɗaga su sama, mai rarrafe ya samu ja ko rawaya kin san sauran.

Anti Malama: Wani abu kuma da masu leza suka yi shiru a kai. Yawancin ƙananan lezar nan bugawa kawai suke yi. Ba sikanin, ba fotokwafi, wasu ma sai da kebul da kwamfuta. Ita kuwa ta ce ta WhatsApp ake turo aikin. Maman Hanifa, kuna da kwamfuta a gida?

Maman Hanifa: Ta Baban yara ce, da ita yake fita aiki. Da waya nake so in riƙa turawa.

Anti Malama: To kin ji. L3250 da wayifai take zuwa, daga waya kai tsaye, ga sikanin ga kwafi a sama. Takardar haihuwa, sakamakon WAEC, duk ki yi kwafinsu a ɗaki. Lokacin neman gurbin jami'a za ki gode mini.

Injiniya: Akwai leza masu yin duk wannan, wadda sunanta ya ƙare da "w" tana da wayifai, masu MFP a suna kuma suna sikanin da kwafi. Sai dai kuɗin ya hau, ya kamo na mai tanki ko ya wuce. Hajiya, ga matsayata ba kwana-kwana. In inbata ɗinku ya kai 2.5kVA ko sama, irin mai tsaftatacciyar wuta, ki ɗauki leza baƙi da fari mai wayifai, ranar da ake son kala a biya a shago. In 1kVA ne, Malama da Mai Sola sun ci, ki ɗauki mai tanki, amma ki ɗaure wa kanki bugun Juma'ar nan, kuma ki ɗinka mata riga saboda ƙura. Mai katirij ko kyauta aka ba ki, ki yi godiya ki ajiye.

Baban Khalifa: A ƙara da takarda. Da damina a Jos takarda na shan danshi, leza kuma ba ta son haka, sai ta fito a lanƙwashe ko ta maƙale. A bar rim a cikin ledarsa, a riƙa zaro iya na buƙata. Wadda aka rubuta wa nauyin giram 80 a ledarta ta fi mai 70 zama lafiya.

Maman Hanifa: Na je na haska jikinsa da tocila. An rubuta 1.5kVA, 24V.

Ɗan Jami'a: Tirƙashi. Ya faɗo tsakiya.

Mai Sola: Wajen wat 1,200 ke nan. In an kashe talabijin da fanka lokacin bugawa zai iya ɗauka, in batiran ba su gaji ba. Ba zan rantse ba sai na gani. Shekararsu nawa?

Maman Hanifa: Sun kwana biyu gaskiya. Yanzu kafin asuba suke sauka.

Mai Sola: To da rana in akwai hasken rana sosai zai yi, da dare kuwa ina shakka.

Injiniya: A daina hasashe. Ina da P1102 ta gwaji a shago. Gobe bayan la'asar in Baban Hanifa yana gida zan aiko yarona da ita, a soka a buga shafi goma, a sake gwadawa bayan isha'i da fitilu a kunne. Mai Sola, in kana kusa ka leƙa da mitarka.

Mai Sola: Ina Gangare da aiki gobe, zan biyo in sha Allah. A ajiye mini shayi, sanyin Rikkos ba wasa ba.

Anti Malama: Ku gwada ku gama. Ko ta ɗauka, da me za ta tura aikin daga waya? Wannan ta gwajin taka ai ba ta da wayifai.